Kiɗan Da Ba A Yi Wa Mai Rai

Shafi na 17

Masu aiko mini da saƙo kuna cewa na daɗe, na ji ku. Ba kowane shafi ake rubutawa a tsaye ba. Ku nemi wuri ku zauna.

Ranar Lahadin nan Vitalis bai karya ba ya tafi coci. Ba azumi yake yi ba, wani abu ne ya tsaya masa a rai.

Tun jiya Asabar da hantsi yake ɗauke da abin. Yana kwance ƙarƙashin wata tsohuwar tifa a garejin maigidansa a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, babansa ya kira shi daga garinsu Nandom, can arewa.

"Fita daga cikin mutane."

Ya fita ya tsaya bayan tulin tayoyi.

"Kakarka ta tafi da asuba."

Ya dafa taya.

"Ba kuka na kira ka ka yi ba, saurara. Ta bar wasiyya kada a kai gawarta ɗakin ƙanƙara na asibiti, saboda haka Litinin da la'asar za a sa ta. Gobe ƙarfe huɗu ka sa gwaggonka a mota a tashar Krofrom, ku kwana a hanya. Ka ce mata jiki ya yi tsanani. Iyakar abin da za ka faɗa ke nan."

"Baba, in ta tambaye ni fa?"

"'Ya ba ta jin mutuwar uwarta a bakin titi. A ƙofar gida take ji, daga bakin kiɗan gyil, mata na riƙe da ita. Ga hawan jininta kuma. In ka buɗe baki wani abu ya same ta, kai ka sani."

Da yamma ya sami Gwaggo Filomina, ƙanwar babansa, wadda ta ba shi ɗaki tun zuwansa Kumasi wata bakwai da suka wuce. Tana tsaye kan tukwanen burkutunta tana juyawa. Ya faɗi abin da aka sa shi. Ta yi dariya har ta share ido da bakin zane.

"Jiki ya yi tsanani. Bara ma haka aka ce. Na bar tukwane uku a wuta, na kwana cikin mota ina kuka, na je na tarar da tsohuwar nan a gona tana tonon gyaɗa. Wai kewata take yi. Bara waccan kuma a kasuwa na same ta tana faɗa da mai gishiri. Kai, tana cin abinci?"

Vitalis ya dubi wutar murhu.

"Ta sha kunu."

"To wadda ta sha kunu za ta kai Laraba. Tsiron dawata ya kai, in na bar shi ya lalace."

Kalma uku ce kawai, amma ku da kuke biye da labarin nan kun san yaron. Ranar da zai bar gida, wannan kakar ce ta sa masa cazbi a hannu ta ce, "Mijina, birni zai koya maka abubuwa da yawa. Abu ɗaya na roƙe ka, kada ka je gaban bagade da ƙarya a baki." A Magazin har Fada suke kiransa, don ya ƙi ce wa mai mota tsohon ƙarfe sabo ne. Ga shi yau ya yi ƙaryarsa ta farko a birni, a kan wadda ta hana shi.

Sujadarmu ta 'yan Nandom bayan ta mutanen gari ake yi, wajen ƙarfe goma. Vitalis ya zauna a kujerarsa a gaban gyil ɗin coci, itatuwan nan da aka jera bisa duma, ya ɗauki sandunansa. Ya raka mawaƙa tun daga waƙar shiga har baiko, ba wanda ya ga wani abu.

Sai lokacin karɓar Jibi, gurasar nan ta Jikin Yesu.

Yadda aka saba, yana kaɗawa a hankali mutane na wucewa, in layi ya ƙare ya ajiye sanduna ya je ya karɓa a ƙarshe. Layi ya ƙare. Fada ya tsaya yana jiransa. Vitalis ya sunkuyar da kai. Fada ya ƙara jira kaɗan, sannan ya juya. Daga ɓangaren mata, Gwaggo Filomina ta ɗago ta dube shi.

Ya ci gaba da kiɗa, idonsa a rufe. Ba cocin yake gani ba. Kakarsa yake gani an zaunar da gawarta bisa rumfar makoki a ƙofar gida yadda ake yi a can, an ɗaura mata zanenta mai kyau, an jera ƙoranta a gabanta, mutane na zuwa daga ƙauyuka. Kowa na can ban da shi da 'yarta.

Hannun hagu ne ya fara. Na dama ya bi.

Yaran da aka haifa a Kumasi kiɗa mai daɗi suka ji, wasu har suna kaɗa kai. Amma a layin gaba littafin waƙa ya faɗi daga hannun wata tsohuwa. Wata ta dafe ƙirji. Ɓangaren mata duka ya juyo kamar mutum ɗaya.

Sai ya ji an riƙe sandunan.

Baba Linus ne, tsohon da ya yi shekara talatin yana buga gyil ɗin nan kafin hannunsa ya fara rawa. Yau hannun bai yi rawa ba.

"Tashi ka biyo ni."

Bayan coci akwai darbejiya. Nan tsohon ya tsaya, bai zauna ba.

"Ka san abin da ka buga?"

"Na sani, Baba."

"Faɗa mini, in ji ko kunnena ne ya tsufa."

"Taken mace ne."

"Wace irin mace?"

"Tsohuwa. Mai jikoki."

"A cikin coci, Jikin Yesu na hannun Fada." Ya nuna da haɓa. "Dubi can."

An fara fitowa. Mata sun watsu a filin, kowace da waya a kunne, wata na tafiya tana dawowa, wata ta zauna a kan dakali ta cire takalmi.

"Mata arba'in ke cikin cocin nan, kowace ta bar uwa a gida. Kiɗan nan ba a yi wa mai rai. Abu biyu ne, ɗana. Ko wata ta mutu, ko kana kira wa wata. Wanne ne?"

Vitalis ya dubi matan.

"Kakata ce. Jiya da asuba."

Baba Linus ya cire hula, ya yi alamar gicciye.

"Yuora. Rana ɗaya aka yi mana baftisma, ita ce ta yi wa Fada dariya don ruwa ya shiga mata hanci." Ya mayar da hular. "Filomina ba ta sani ba?"

"Baba ya ce kada in faɗa. Ya ce in kai ta mota ƙarfe huɗu."

"Babanka ya yi daidai. To ga abin da za ka yi. Za mu koma can, ka tsaya gaban mutane ka ce yarinta ce, hannunka ne ya zame, ba wanda ya mutu. Ni zan zage ka a gabansu, ka durƙusa ka ba da haƙuri, shi ke nan."

"Ƙarya ce, Baba."

"Me ka ce?"

"Na yi ɗaya jiya, ita ta hana ni tashi yau. Ba zan ƙara ta biyu a ƙofar coci ba."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa.

"Ka zo birni jiya, yau kai za ka koya mini addini? Shekara hamsin da biyar ina karɓar Jibi. Mutum bakwai na kai gida da 'jiki ya yi tsanani'. Na zauna kusa da su cikin mota, na saya musu burodi a Techiman, na yi musu hira har gari ya waye, cikina na ƙuna. Kana nufin duk shekarun nan ba ni da Yesu?"

"Ban ce haka ba, Baba."

"To me ka ce? Wannan ba ƙarya ba ce, kaya ne kake ɗaukar wa mutum har ya isa inda za a taya shi saukewa. Kai tsarkin bakinka kake ji wa, ita fa? Ka taɓa ganin macen da ta ji mutuwar uwarta ba kowa riƙe da ita? Ni na gani. A tashar Obuasi. Ba na son in sake gani."

"Baba, ba za ta tafi ba."

"Kamar yaya?"

"Na faɗa mata jiya. Ta ce sai Laraba. Kaka ta riga ta kira ta sau biyu da wannan maganar tana lafiya lau. Litinin za a sa ta. In na yi shiru, Gwaggo ba za ta ga fuskarta ba."

Baba Linus ya yi tsaki a hankali, irin na wanda ya rasa wa zai yi wa faɗa.

"Yuora, Yuora. Har wannan ma sai da kika ɓata mana." Ya gyara tsayuwa. "Bar ni da ita. Ni zan yi magana, kai ka rufe bakinka."

"Wa za a rufe wa baki?"

Suka juya tare. Gwaggo Filomina ce, cikin zanen zumuntar mata, jakarta a hammata. Ita kaɗai ce cikin matan ba ta riƙe da waya.

"Filomina, 'yata, zo mana," in ji tsohon. "Yaron nan naki nake wa faɗa. Kin ga aikin 'yan zamani, a ba su sanda su ɗauka sun iya."

"Na ji, Baba."

"Hankalinsa ne ya tashi saboda jikin tsohuwa. Ni ma an kira ni daga gida. Jikin ya yi tsanani ƙwarai, wannan karon ba irin na bara ba ne. Shawarata ki bar tukwanen nan ki bi motar yau."

"Wa ya kira ka, Baba?"

"Mutanen gida."

"Wayarka da ta faɗa rijiya tun Ista?"

Tsohon ya yi tari.

Ta bar shi, ta juyo kan ɗan wanta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kai, ɗan ƙauye. Wata bakwai kana gidana. Ranar da zazzaɓi ya kayar da kai, da rarrafe ka je ka karɓi Jibi, ni na riƙe maka hannu. Yau ƙafarka lafiya, Fada ya tsaya yana jiranka kamar mai jiran mota. Me ka yi?"

Vitalis ya kawar da kai.

"Ka yi sata a gareji?"

"A'a, Gwaggo."

"Mace ce?"

"A'a."

"To me ya zauna maka a baki tsakanin jiya da yau?"

"Filomina," in ji Baba Linus, "wannan tsakaninsa da Fada ne, ba a tambayar..."

"Baba, don Allah. Ina girmama ka tun ina yarinya, ka bar ni da ɗana." Ta matso har yana jin warin hayaƙin murhu a zanenta. "Tun jiya nake kiran Yaya, bai ɗauka ba. Na kira matarsa, a kashe. Na ce to, ƙila ba wuta a garin. Na kwanta na ce wa kaina, yaron nan ba ya ƙarya, ya ce ta sha kunu. Da wannan na yi barci, Vitalis. Da maganarka."

Hawaye ya sauko masa. Bai share ba.

"Ga ƙofar coci nan. Ka dube ta ka ce mini uwata tana da rai. In ka faɗa, na yarda, in tafi in hura wutata, Laraba in kai mata sabulu da sukari. Kowa a Kumasin nan zai iya ruɗina ban da kai."

Baba Linus ya kafe shi da ido, yana girgiza kai a hankali.

Vitalis ya dubi ƙofar. A buɗe take, ana hango jar fitilar nan da ke ci kusa da bagade. Ya tuna muryar babansa, ya tuna tashar Obuasi da bai taɓa gani ba. Ya tuna kuma Laraba, da yadda matar nan za ta sauka daga mota da sabulu da sukari ta tarar da sabuwar ƙasa.

Ya durƙusa a gabanta, gwiwa biyu.

"Gwaggo, ba ta sha kunu ba. Ƙarya na yi miki."

Ba ta motsa ba.

"Faɗi sauran."

"Ta tafi jiya da asuba. Gobe da la'asar za a sa ta."

Baba Linus ya juya baya ya dafa darbejiya.

Gwaggo Filomina ba ta yi kuka ba. Wannan ne ya fi ba Vitalis tsoro. Ta sauke jakarta ta ajiye a ƙasa a hankali, kamar akwai ƙwai a ciki. Ta cire takalmi ta jera su gefe. Sannan ta kwance kallabinta, ta murɗe shi ya zama kamar igiya, ta ɗaura gefe ɗaya a wuyan hannunta, ta ja ƙullin da haƙori.

A gida haka ake yi. Wanda mutuwa ta taɓa kusa, ana ɗaura masa igiya, wani ya riƙe bakin, don in baƙin ciki ya ɗebe shi kada ya faɗa wuta ko rijiya.

Ta miƙa masa ɗaya bakin.

"Riƙe."

"Filomina, ba shi ya kamata ba," in ji tsohon. "Shi ma mai makoki ne, jikanta ne. Bari in kira mata."

"Shi ya faɗa, shi zai riƙe."

Vitalis ya tashi ya karɓa. Ya naɗe kallabin sau biyu a hannunsa.

"Ƙarfe nawa motar?"

"Huɗu, Gwaggo."

"Tukwanen nan, Baba, ka ce wa matan zumunta su raba. Kada su bar tsiron ya lalace." Muryarta a daidai take, sai dai idonta ba ya kan kowa. "Ta sha wahala?"

"Ban sani ba. Ban tambaya ba."

"Ka kwana da wannan a ɗakin da ke jikin nawa. Kai kaɗai."

"E."

"Wa ya riƙe ka?"

Ta ɗaga hannun da ba a ɗaure ba ta share masa fuska da tafinta, yadda ake yi wa ƙaramin yaro.

A daidai nan wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro da hannu ɗaya. Sunan babansa ne.

"Ɗauka," in ji ta. "Ka buɗe yadda zan ji."

"Kada ka buɗe," in ji Baba Linus da sauri.

Amma yatsansa ya riga ya taɓa.

"Vitalis, kun fito coci? Ta yarda za ta bi motar?"

"Ta yarda, Baba."

"Madalla. Ba ta dai gane komai ba ko?"

Vitalis ya dubi gwaggonsa, ya dubi jar fitilar nan ta cikin ƙofa.

"Ta sani, Baba. Ni na faɗa mata."

Babansa ya yi shiru. Da ma ya yi faɗa, da muryarsa ta rufe abin da ke bayansa. Amma ya yi shiru, kuma a ƙofar gida yake tsaye. Sai ga shi yana fitowa daga cikin ƙaramar wayar, sarai kamar a bayan darbejiyar ake yi: gyil ɗin gida, guda biyu suna amsa wa juna, taken tsohuwa mai jikoki, da muryoyin mata a ƙarƙashinsa suna kiran sunan Yuora.

Gwaggo Filomina ta karkata kai tana saurare. Leɓɓanta suka fara motsi.

Sannan kukan ya fito, irin wanda ba a ji a Kumasi sai a gida. Matan da ke filin suka saki wayoyinsu suka rugo. Amma ita ta riga ta juya. Ba wajensu ta nufa ba, ƙofar waje ta nufa, inda babban titi yake, motocin haya na wucewa a guje ba mai kallon gefe.

Kallabin ya miƙe. Ya fizge Vitalis har ya faɗi a gwiwa, ya sa hannu biyu, wayar ta faɗi cikin ƙasa. Ƙullin da ta ja da haƙori ya fara zamewa daga wuyan hannunta.

Daga ƙasa muryar babansa ke fitowa, ba faɗa a cikinta yanzu, sai roƙo.

"Akwai wanda ya riƙe ta? Vitalis, ka riƙe mini ita?"